Huɗubar Daeng Mattola

A tsibirinmu, gaban Makassar,
Juma'a takan zo da ƙarnin kifi.
Liman Daeng Mattola ya hau mumbari
riƙe da wani abu cikin hankici.

Bai ambaci wuta ba. Mun saba jin wuta,
kunnenmu ya yi kanta.
Ya buɗe hankicin: guntun murjani ne,
fari fat, kamar ƙashin da kare ya bari.

Sai ya yi shiru.
Shirun ya daɗe, har fankar sama
ta karɓi wa'azin.

"Wa ya san gidan wane ne wannan?"
Ba mai amsa. Ambo Tuwo ya sunkuyar da kai
yana duban hannunsa mai yatsu uku.

Bai ce "ku" ba, cewa ya yi "mu":
"Mu muka jefa kwalbar, mu muka ji ƙarar,
mu muka kwashe abin da ya taso,
har da rabon jikokinmu."
Sau uku ya ce "jikokinmu",
kowane karo muryar na ƙara yin ƙasa,
sai da muka miƙa wuya kafin mu ji.

Aya ɗaya tak ya ja, kan ɓarna a tudu da teku,
ya bar ta tsaye, bai yi mata rakiya ba.

Ni dai ban yi kuka ba.
Takin zamanin da na ɓoye ƙarƙashin kwalekwale,
da la'asar na zuba shi gindin ayaba.
Matata ta tambaye ni dalili,
na ce ayabar ce ta rame.