Inda Yake Yoyo

Ƙarfe uku muka shiga Fowey,
ni da jakar kyamara da Philippa dillaliya,
tana tuƙi tana lissafi da baki:
ɗaki biyar, banɗaki huɗu,
fam miliyan uku da 'yan kai.
"Rabin kuɗin nan na teku ne, Kallamu," in ji ta,
"kada ka bar taga ɗaya babu ruwa a ciki."

Mai gidan, tsoho Carveth, an kai shi wurin 'yarsa a Truro.
Ya bar takalman ruwa a bakin ƙofa,
ɗaya a tsaye, ɗaya a kife.
Su muka fara kwashewa.
Sai kwalaben magani, sai sandar dogarawa,
sai rediyon da aka ɗaure wa eriya da zare,
duk muka cusa ƙarƙashin bene.
Mota ta sauke kujerun haya farare sol,
da kwanon lemo, da littattafan da ba a taɓa buɗewa ba.
A garinmu cewa ake kayan aro ba ya rufe katara.
A nan yana rufewa,
har a biya ni in zama shaida.

Na kafa kyamara a kusurwa,
na ɗaura mata gilashin da ke mai da akurki fada.
Sai jira.
Sana'ar ke nan, jira,
har rana ta sauko daidai kafaɗar tsauni,
a kunna kowace fitila a gidan
ya yi kamar wani na ciki yana dakon wani.
Minti goma sha biyu ne tsakanin shuɗi da duhu.
Magariba ta same ni ina ta latsawa.

A jikin ƙofar kicin akwai zanen fensir:
Jory, shekara huɗu. Jory, shekara bakwai. Tamsin.
Suna hawa kamar tsani, sun tsaya daidai haɓata.
Philippa ta ce, "Za ka iya gogewa a kwamfuta, ko?"
Na ce zan iya.

Da dare, a ɗakina na Plymouth
inda taga ke kallon bangon gidan wanki,
na goge.
Na goge wayar lantarki,
na goge kashin tsuntsaye a kan rufi,
na ɓamɓare sararin yau mai launin toka
na liƙa wani da na ɗauko bara a watan Yuni.
Can ƙasan lambu, inda gaɓa ke zaizayewa,
teku na gutsurar taki guda kowace shekara.
Wannan ban goge ba.
Tun a can na ba shi baya.
Ba ƙarya na yi ba, na ce wa raina,
wurin tsayuwa kawai na zaɓa.

Kwana tara aka yi ciniki.
Wani daga Landan ne, ta waya,
cinikin biri a sama.
Zai riƙa zuwa mako biyu a watan Agusta.
Sauran shekara na'ura ce za ta kunna fitilun
ta kashe,
masunta su hango daga kwale-kwale
gidan da ba ya tari, ba ya dafa shayi.

Hoto arba'in na aika wa Philippa.
Na arba'in da ɗaya yana wurina:
ɗakin sama, ramuka huɗu a jikin darduma
inda kujera ta shekara talatin tana fuskantar ruwa,
da wata 'yar tukunya a bayan labule,
gindinta ya yi tsatsa.
Na ɗauke ta saboda hoto,
sai na ɗaga kai na ga tabon a silin.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kafin in ja ƙofa
na mai da ita daidai inda na same ta.
An ce za a yi ruwa ranar Laraba.