Ajin Likando

Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa a Livingstone,
ina zana kogin Zambezi da shuɗin alli,
daga inda ya ɓulɓulo har inda teku ta haɗiye shi,
amma ko ɗan yatsa ban taɓa tsoma masa ba.
Rugugin zubarsa nake ji ta tagar aji,
maƙwabci ne da muke gaisawa ta kan katanga.

Daren jiya na baza kaya a kan gado.
Takarda ta ce ban da agogo, ban da ɗan kunne,
a zo da takalmin da ruwa ba zai fizge ba.
Na ɗaure tabarau da igiyar takalmin jikata Chipego.
Zoben aure ya yi gardama, sai da na sa sabulu;
shekara tara ke nan da rasuwar wanda ya saka shi.
Ya bar mini farin zagaye a yatsa.
Na jefa shi a kofin shayi, na kifa faranti.
Mutinta ta kira ni har sau uku:
"Mama, me kika ajiye a ƙasan kwazazzabo?"
Na ce mata barci nake ji.

Da asuba aka ba ni fom.
Kin iya iyo? Kaɗan.
Ciwon zuciya? Ba irin wanda suke nufi ba.
Wa za a kira idan...
Nan biro ya tsaya, ya yi ɗigo.

Sai ga jagoranmu, kafaɗa kamar ƙofar ofis,
da tabo a haɓa.
Na san tabon. A gabana aka yi shi,
ranar da ya faɗo daga mangwaron makaranta.
Likando na bencin baya,
wanda bakwai sau takwas ta gagare shi zango guda,
wanda na tsayar a rana ya fi a ƙirga.
Ya cire hula, ya rusuna,
ya miƙe ya ja maɗaurin rigar ceto har haƙarƙarina ya yi ƙara.
"Numfashi yana wuya, Malama?"
"Yana yi."
"To, ta zauna daidai."

Muka jeru a kan gungume, mu bakwai, da hulunan kwano.
Ya ce kada tafin hannu ya bar kan filafili,
shi ne ke cire haƙorin maƙwabci.
In ka faɗa, kwanta rigingine, ƙafafu gaba,
kada ka nemi tsayawa, duwatsun ƙasa suna riƙe sawu.
In ka tsinci kanka ƙarƙashin jirgi,
lalubi gefe ɗaya, kada ka sake shawara.
In na ce a durƙusa, ba na son tambaya.
"Malama, maimaita."
Na maimaita, na sa ƙafafu baya.
Aka yi dariya. Shi bai yi ba.
"Sake," in ji shi, a hankali,
hankalin da ban ba shi ba.

Gangaren ya ci gwiwoyina.
Tsani na itace, dutse baƙi mai santsi,
samari suna wuce mu a guje, jirgin roba a naɗe a ka,
birai na kallonmu kamar masu duba jarrabawa.

A ƙasa ana ta buga famfo,
jirgin yana kumbura, yana shan iskar mutum huɗu.
Likando ya danna shi da gwiwa, ya saurara,
ya bi kowace igiya da yatsa kamar mai gyaran rubutu.
Can gaba ruwa ya yi fari, yana tafasa ba wuta.
Ba shuɗi ba ne.
Shekara talatin da ɗaya ina sayen allin da ba shi ba.

Ya debi ruwa ya shafa a ƙeya,
ya zaro takarda daga cikin hula,
ya fara kiran suna.
"Nalishebo Mubita."
Na ɗaga filafili sama.
"Ina nan."