Abin da Sikeli Ya Sani

Shekara ashirin da uku a gidan waya na Yawuri
ni nake auna ta.
Ba ita ba, takardunta:
ƙunshi mai ruwan ƙasa, ɗaure da zaren buhu.

Dorin ce sunanta, daga Amurka,
garin da kogi ke daskarewa har a taka shi da takalmi.
Mu Dorina muka ji, Dorina muka kira,
ga ta kuwa siririya kamar sillen kara.
Ta yi dariya, ta amsa.

Na fari ya kai kilo guda da rabi.
Ya haye teku, ya dawo.
Sau tara yana dawowa,
har na gane shi daga nesa kamar akuyar gidanmu.
Ba ta yi kuka a gabana ba.
Kan sarki kawai ta ƙara saye.

Sai ta koma bakin kwata da yamma,
ta tara 'ya'yan masunta gindin giginya
tana juya musu labarin da Hausarta mai ɗingishi.
Inda Nomau ya yi hamma, ta soke.
Inda Tumba ta tashi bin fara, ta yage shafin ɗungum.

Ƙunshi ya dinga ramewa.
Kilo guda. Rabi. Awon albasa biyu.
Na ce, "Dorina, ciniki na mutuwa."
Ta ce, "Malam Arzika, yanzu ya fara numfashi."
Wannan bai dawo ba.

Littafi goma sha ɗaya na ƙirga bayansa.
Har kyauta aka aiko mata, wani dutsen gilashi,
da shi take tokare ƙofa in iska ta taso.
Yaran can sun rubuto da fensir,
suna tambaya ko da gaske dorina na cin shinkafar mutane.
Tana ci. Ku tambayi Bagudu da fadamarsa.

Yanzu ta waya ake aikawa, ba nauyi, ba zare.
Sikelina ya yi tsatsa, idonta ya yi hazo.
Jiya ta aiko mini na ƙarshe.
Turancina bai wuce na adireshi ba,
amma a shafi na shida ga wani tsoho mai tabarau
yana auna wata a faranti,
an bar masa giɓin haƙorinsa yadda yake.