Kuɗin Tanki

Motar ta daɗe da tafiya, gaɓa-gaɓa.
Ƙafafunta na ƙarƙashin amalanken Ɗan Jimma,
kujerun fata biyu suna rumfar wanzami a Zango,
fitila ɗaya yara suka fasa,
ɗayar ban san inda ta kwana ba.
Tanki kaɗai ya rage,
rataye a bangon garejin Baba,
zanzaro ya yi gini a bakinsa.

Baba ya ce ta wani likita ce,
ja wur, ba rufi, durƙushe kamar kwaɗo.
Ya bar ta jingina kan kuɗin gyara,
ya hau jirgi, shi ke nan.
Wai ya taɓa kai ta Mirya ya dawo
shayin da ya ɗora bai tafasa ba.
Haka ya ce. Ni dai ban sha shayin ba.

Ran Talata na sauko da shi.
Na zuba tsakuwa da kananzir, na yi ta girgiza
har kafaɗuna suka yi tsami,
tsatsa ta fito ja kamar tofin goro.
Na ɗura masa ruwa, jarka biyu cur,
a garin da ake layin famfo tun kafin assalatu,
matata tana kallona, ba ta ce uffan ba.
Na kwana ina leƙa ƙarƙashinsa da cocila.
Ɗigo ɗaya, a gindin walda,
sai ka ƙirga ɗari kafin ya faɗi.

To, nawa zan ce?

Ran Alhamis na kai shi Kasuwar Dole.
Mai gwangwan ya ɗora a sikeli:
kilo tara, jika biyu da rabi,
ƙarfe ba a tambayarsa wa ya haife shi.
Na ce albarka.
Tsahiru maƙeri ya ƙwanƙwasa da zobe, ya kasa kunne,
ya ce a tsaga biyu, murhu biyu ke nan,
jika huɗu, har da ladan ɗauko.
Na ce albarka, na saɓa abina.
A hanya wani yaro ya tambaye ni ko ganga ce.

Sai Barma direban Kano ya zo da magana:
akwai wani a can mai irinta sak,
shekara bakwai tana kan duwatsu,
komai ya haɗu, ciki ne babu.
Ya kira ni bayan isha.
Bai tambayi nauyi ba.
Ya ce karanto lambar da ke gefen wuya.
Murfin na asali ne? Ya lotsa?
Na ji numfashinsa ya canza,
na san ko jika ɗari biyu na ce, zai tsaya.

Bai tambayi yoyo ba.
Na dubi ƙusar da ke bango,
na ce, Alhaji, yana ɗiga.
Shiru ya ratsa tsakanin Damagaram da Kano.
Ya ce sittin. Na ce ɗari.
Muka yi ta juya naira zuwa sefa
kamar masu auna gero da tiya biyu,
Barma na gefe yana lissafin la'adarsa da yatsu.
Saba'in da biyar. Na ce na sallama,
bakina ya yi ɗaci kaɗan.

Da asuba na naɗe shi cikin buhun albasa,
aka ɗaure saman mota tsakanin akuya da katifa.
Ya kama hanyar Matamaye
a hankali, shi da aka ƙera don gudu.

Na biya mai garuwa bashin wata biyu.
Matata ta ce ashe jarkokinta sun haihu.
A bango saura farin gurbi da ƙusa.
Zanzaro ya zo da laka a baki,
ya kewaya sau uku,
ya sauka a kan ƙusar.