Mai Buga Ƙarfe

Shekara talatin da ɗaya ina buga ƙarfen nan.
Tsohon wili ne na wata roka da ta mace a hanyar Kamba,
muka rataye shi a reshen dogon yaro
da igiyar guga.

Yau an share filin firamarenmu ta Bunza,
an yayyafa ruwa, an aro kujerun roba,
har an yi wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa.
Wai za a karrama tsofaffin ɗalibai.
Ni aka ba benci can baya, kusa da randa,
inda nake ganin kowa, ba mai gani na.

Hedimasta ya gyara murya, ya gyara hula:
"Tun suna ƙanana muka ga haske a goshinsu."
Na rufe baki da hannun riga.
Wane haske, Malam? Bulala muka gani.

Ga Lubabatu ɗiyar Arzika mai faci.
Kullum ita ce ta farko a takardar monita,
sunanta har ya huda layin masu surutu.
Ita ce ta tambayi sufeto, gaban kowa,
me ya sa rufin aji huɗu ke yoyo
bayan an ce an biya kuɗin kwano.
An sa ta tsallen kwaɗo har azahar.
Bara da ruwa ya cinye shinkafar fadama
muryarta na ji a rediyo, tana cikin kwalekwale,
tana kiran ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya da sunansu,
ba ta tsallake ko rugar Ardo Jaɓɓi ba.
Bakin da muka so mu ɗinke,
shi ya kawo mana buhunan iri.

Ga Sahabi kuma, dogo kamar gora.
Sai ya kori tsuntsaye a gonar ubansa
kafin ya tuna da allo.
Daga nan nakan hango shi, ɗigo a bakin fadama,
ba takalmi, littafi cikin leda a haƙora,
yana tsere da hannuna.
Yau ga shi da lambar zinare ta gudun yada ƙanin wani,
ana cewa wani koci ne ya gano shi a birni.
To.
Kowa ya ga zara ya ce shi ya fara gani.

An tafa, an ɗauki hoto, an raba lemo.
Tukur Maidamma yana tsaye bayan katanga
da taɓon albasa a ƙafa,
shi da ba a taɓa zura wa ƙwallo ba shekara biyu cur.
Ba a kira shi ba. Ya fi kowa tafi.

Ina haɗa tabarmata sai ga inuwa biyu a kaina.
Sahabi ya cire lambar daga wuya,
ya rataye ta jikin wilin,
ta bugi ƙarfen, ƙil, kamar ɗan akuya ya yi atishawa.
Lubabatu ta durƙusa, ta miƙo mini rikoda,
idon nan nata bai canza ba:
"Baba Gado, tambaya ɗaya.
Gaskiya ne kana jinkirta bugun safe
sai ka ga ya tsallako magudana?"

Shekara ashirin ina riƙe da wannan a ciki.
Na dubi hedimasta, ya yi nisa.
Na ce, "Ɗiyata, kashe abin nan."
Ta ce, "Ba ya kasuwa."
Na ce, "To rubuta: agogona ne ke da ciwon ƙafa."

Suka yi dariya har Tukur ya tsallako katanga.

Gobe akwai makaranta.
Akwai wata 'yar aji biyu da ke zuwa daga hayin gulbi,
ita ma ba ta da takalmi.