Gajerun Harsasai

A gwangwanin madara Kawu Cibkau ke ajiye su,
gajeru, kamar gujiyar da fari ya kama,
kai na dalma, gindi na tagulla.
Ba su da cibiya, in ji shi,
wutarsu a gefen gindi take kwance,
irin fushin da ba ya hawa fuska.

Ran Lahadi muka gangara gulbi ta bayan Jiratawa,
inda ruwa ya janye ya bar gaɓa mai tsawo,
shi da Ajidan Labo, da ni mai riƙon gwangwani.
Shekara talatin kawu ya yi yana gadin daji,
Ajidan kuwa tuni asu ya cinye kakinsa.
Takardun izini na aljihun gaba,
sun yi laushi kamar dafaffen zogale.

Muka jera gwangwanayen tumatir biyar a jikin gaɓa.
Kawu ya ce in duba hagu ko da akuya,
in duba dama ko da yaro.
Muka jira wata mai itace ta wuce har ta ɓace.

Doguwar ce ta fara, mai cin ɗaya-ɗaya,
wadda ƙotarta ta tsage
aka ɗaure da fatar jar akuya.
Tas.
Kamar an taka busasshen kara.
Kukan gwangwani ya fi na bindiga.
Kurciyar kan gawo ta karkata kai, ta yi zamanta.

Ta biyu 'yar gayu ce, mai ɗura wa kanta,
da dogaye aka saba mata.
Ta tofar da ɗaya, ta cije kwanson
kamar yaron da aka ɗura wa maɗaci.
"Ƙarfinsa bai kai ya tura mata ƙofa ba,"
in ji kawu, yana zaro shi da farce.
"Ba laifinsa, ba nata.
Ba tela ɗaya ya auna su ba."

Libarbar Ajidan ba ta zaɓen abinci,
shida ta haɗiye ba ko tari.
Sai dai gajeren baki, yawan surutu:
ɗan da ya yi raɗa a cikin doguwa
nan ya buɗe murya, har da tartsatsi ta gefe.
Kurciya ta tashi.
Harbi shida, gwangwani ɗaya, shi ma shafa.
Ajidan ya ce iska ce.
Ko ganye bai motsa ba.

Kawu ya sake ɗaukar doguwar.
Ya daɗe, kumatu a jikin ƙota.
Tas. Ƙasa ta zubo daga gaɓa, taki guda sama da gwangwani.
"Tsahara, ya faɗi?"
Sai a lokacin na dubi idonsa na dama da kyau,
ni da ke duba idon mutane kullum a asibiti:
yana ta rufe shi fari, kamar nono a ƙwarya.
Na fari ma da tuni ya harbe shi, ba da gani ba.
Ajidan ya shiga neman abu a aljihu.

"Bai faɗi ba, kawu."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙo min ita.
"Kar ki fizgi kunama. Ki bi ta
yadda kike neman jijiyar jariri."
Na riƙe numfashi rabi.
Gwangwani ya yi tsalle, ya mirgina cikin rairayi.

Da la'asar, a zaure, ya sa tsumma a tsinke.
Gajere, in ya kwana a ɗakin dogo,
yakan bar zoben baƙi inda tsawonsa ya tsaya;
in ba a goge ba, gobe dogon ba zai shiga ba.
Da yatsa yake nemansa, ba da ido ba.

Na ƙirga saura: goma sha ɗaya.
Ya girgiza gwangwanin kusa da kunne,
ya danne murfin da tafin hannu.
"Wace rana kika ce likitan ido ke zuwa?"
Na ce Alhamis.
Ya ce in ɗora su can saman kabad,
inda sanyi ba ya kai wa.