Karatun Fata

A Majema, can wajen Ƙofar Wambai,
inda warin jima ke riga baƙo yin sallama,
kakana Jatau na zaune bisa kifaffen turmi,
kartaji a cinya, ido ɗaya ya yi yana.

Bai san baƙi ba, balle wasali,
amma a shimfiɗa masa fatar akuya
ka ji karatu.

Ran wata Laraba aka kawo biyu
daga rugagen bakin dajin Falgore.
Ya shafa ta farko da bayan hannu.
"Zo, Ladi, sa yatsanki nan.
Huda huɗu a maƙogwaro,
biyu sama, biyu ƙasa,
tsaf kamar aikin basilla.
Ga zanen farce a kafaɗa.
Damisa ce. Ba ta son surutu.
Ta shaƙe, ta jira numfashi ya ƙare,
ta haye bishiya da kayanta.
Ko sawunta kika bi ba ki ganin farce,
ta ƙunshe shi kamar kuɗin marowaci."

Ta biyun ba kyan gani,
rabinta ma babu.
"Kura ba ruwanta da wuya, ta baya take zuwa.
Ta cafki mara, ta fizga da gudu,
tana ci mai rai na kuka.
Farcenta dakusasshe ne, ba ya zane a jiki,
a laka kaɗai yake barin shaida.
Je ki wurin, ko ƙashi ba kya tararwa,
sai kashinta fari fat kamar alli."

Bayan la'asar Inna Tabawa ta shigo
da wani saurayi mai sabon agogo,
wanda ta ba kiwon maraƙinta shekara biyu.
Ya ajiye fata, ya ce damisa ce,
ya rantse tun ba a tambaye shi ba.

Kakana ya daɗe yana shafawa.
Ya ɗaga ta saitin rana, ya sake shinshinawa.
"Hudar da aka yi bayan rai ya fita
ba ta tara jini a baki.
Wannan ƙusa ce, 'yar inci huɗu.
Ga kuma yanka a miƙe, kunne zuwa kunne.
Tabawa, dabbar da ta ci miki maraƙi
tana da aljihu."

Saurayin ya dubi agogonsa
kamar zai faɗa masa abin cewa.

Da magariba yana alwala
na ga tabon nan a sha-raɓarsa,
rami guda, naman ya tafi da daɗewa.
Na ce, "Kaka, wannan fa, wace ce?"
Ya zuba ruwa a kai, ya cuɗa tsakanin yatsu.
"Ke da kika yi karatu yau,
ta gaba ta zo ko ta baya?"

Na durƙusa, na sa yatsana.